Turjiyar Waya da Turjiyar 'Yan Boko

Akwai wata tambaya da ta zama sandar duka a hannun 'yan bokon Arewa. Ba a cika ɗaga ta a kan mai neman kwangila ko mai neman kujera ba. Wanda ake ɗaga wa ita shi ne yaron da ya ce yana son ya karanci fiziks zalla ko lissafi zalla. Tambayar ita ce: "To, mene ne amfaninsa?" Ba don a ji amsa ake yin ta ba, don a rufe magana ake yin ta. Likita zai yi ta, injiniya zai yi ta, babban sakatare a ma'aikata zai yi ta, kuma kowannensu yana ganin ya faɗi hikima: mutanen da ba su da ruwan famfo, ba su da wuta, ina su ina binciken taurari da ƙwayar zarra?

Tambayar ta cancanci a amsa ta da gaske, kuma da misalin da ya fi kowane wuyar karewa. A fiziks na wannan zamani akwai wani reshe wanda in aka bayyana shi a zauren taro a Katsina dariya za a yi. Masu aikinsa suna ɗaukar lissafin baƙin rami, irin wanda tauraro ke zama bayan ya rufta, su dasa shi a cikin wata duniya ta lissafi mai fuska biyar ko huɗu, domin su gano dalilin da ya sa wutar lantarki ke gajiya a cikin wasu ƙarafa. Ana kiran dabarar hologirafi. In wannan ya tsallake tambayar "mene ne amfaninsa", to sauran rassan ilimi sun tsallake.

Me ya sa waya ke ɗumi

Duk wanda ya taɓa cajar waya bayan awa guda ya ji ɗumi. Wannan ɗumi asara ce: wutar da aka biya kuɗinta ce ta koma zafi a hanya. Sunan abin turjiya, kuma Georg Ohm ya rubuta dokarta tun 1827. Abin da ke gudana a cikin wayar jan ƙarfe ƙananan ƙwayoyi ne da ake kira ilektiron, waɗanda J. J. Thomson ya gano a 1897. Shekara uku bayan haka, a 1900, Paul Drude ya ba da bayanin da har yau ake koyarwa a jami'o'in Kano da Zariya: batir yana tura ilektiron, shi kuwa yana tafiya yana karo da abubuwa, kamar ɗan acaɓa a tsakiyar kasuwar Daura ranar cinta. Yana taka wuta, yana tsayawa, yana sake takawa. Matsakaicin gudunsa ya dogara da tsawon lokacin da yake samu tsakanin karo da karo.

A nan akwai wani abu mai laushi wanda shi ne ƙashin bayan batun gaba ɗaya. Masana suna da wani ma'auni da za a iya kira ƙarfin tafiya, wato nauyin abu a ninka da gudunsa. Amalanke cike da buhunan gero tana da shi ko da a hankali take tafiya, shi ya sa tsayar da ita ke da wuya. Dokar halitta ita ce wannan ƙarfi ba ya ɓacewa, sai dai ya koma jikin wani abu. Saboda haka idan ilektiron suna karo da junansu kawai, jimillar ƙarfin tafiyarsu ba ta raguwa. Fasinjojin da ke ture juna a cikin motar haya ba sa rage wa motar gudu. Abin da ke rage mata gudu shi ne gogayyar taya da hanya da kuma iska. Haka nan turjiya ba ta samuwa sai ilektiron sun sami wani abu na waje da za su zuba wa ƙarfin tafiyarsu: jerin ƙwayoyin zarra na ƙarfen da ke karkarwa saboda zafi, ko datti da gurɓin da ke cikinsa. Wannan zurarewar ƙarfin tafiya ita ce tushen duk wata asarar wuta a waya. Kuma asarar tana da mugun hali: in aka ninka yawan wutar da ke gudana sau biyu, zafin da ake asara ya ninku sau huɗu. Dalilin ke nan da ya sa manyan layukan ƙasar nan ke ɗaukar wuta a kan bolt 330,000, domin a rage yawan abin da ke gudana.

A 1911, a garin Leiden na ƙasar Holan, Heike Kamerlingh Onnes ya sanyaya ƙarfen zaiba zuwa digiri 269 ƙasa da sifili, sai turjiyarsa ta ɓace ƙurmus. Ba raguwa ta yi ba, ɓacewa ta yi. An shafe shekara 46 kafin Bardeen da Cooper da Schrieffer su bayyana dalili a 1957. Sannan a 1986 Georg Bednorz da Alex Müller, a ɗakin binciken kamfanin IBM da ke kusa da Zurich, suka sami wani irin tangaram mai ɗauke da jan ƙarfe da iskar oksijin wanda ke rasa turjiyarsa a wajen digiri 238 ƙasa da sifili. A shekarar da ta biyo baya aka sami wani mai yin haka a digiri 180 ƙasa da sifili, sanyin da ruwan naitirojin mai arha zai iya kaiwa. A 1993 aka kai digiri 140 ƙasa da sifili. An ba Bednorz da Müller kyautar Nobel tun 1987, amma har yau masana ba su haɗu a kan bayani ɗaya na yadda waɗannan kayayyaki ke yin abin da suke yi ba.

Wani ɓangare na wahalar shi ne halinsu kafin su rasa turjiya. Nazariyyar da Lev Landau ya kafa a 1956 ta ce a ƙarfe na yau da kullum, in sanyi ya yi tsanani, turjiyar da mu'amalar ilektiron ke haifarwa tana tafiya da ninkin zafi a kansa: zafi ya ninku sau biyu, ita ta ninku sau huɗu. Waɗannan sababbin kayayyaki sun ƙi bin wannan. Turjiyarsu tana hawa ɗaya bisa ɗaya da zafi, a miƙe kamar igiyar da aka ja, tun daga matsanancin sanyi har zuwa ɗaruruwan digiri, ba ta lanƙwasa ba ta ƙoshi. Aka sa musu suna ƙarafa masu baƙon hali. Da aka lissafa lokacin da ke tsakanin karo da karo a cikinsu, sai aka ga ya yi daidai da wani gajeren lokaci da ake samu daga ma'aunin Planck da ma'aunin zafi kaɗai, wanda a ɗumin ɗaki ya kai kimanin kashi ɗaya cikin tiriliyan 40 na sakan. Jan Zaanen na Leiden ne ya ja hankali ga wannan a 2004, kuma gwaje-gwajen da aka wallafa a 2013 da 2019 sun sami irinsa a kayayyaki daban-daban. Fassarar da masana da yawa suka yi ita ce ilektiron ɗin sun cuɗanya har babu sauran "ɗan acaɓa" guda da za a bi sawunsa. Abin ya zama kunu. Lissafin Drude da na Landau kuwa an gina su ne a kan bin sawun ƙwaya ɗaya ɗaya.

Rijiya mai baƙin rami a ƙasanta

Mafita ta fito daga inda ba a zata ba. A farkon shekarun 1970 Jacob Bekenstein da Stephen Hawking sun nuna cewa baƙin rami yana da zafi, kuma adadin bayanan da zai iya ɓoyewa yana tafiya ne da faɗin fatarsa, ba da girman cikinsa ba. Gerard 't Hooft a 1993 da Leonard Susskind bayansa suka ɗauki wannan suka ce ƙila duk abin da ke cikin wani sarari ana iya rubuta shi a kan bangonsa, kamar yadda ɗan tambarin nan mai sheƙi da ke kan katin banki yake shafaffe amma yana nuna hoto mai zurfi. Daga nan sunan hologirafi ya fito. A Nuwamba 1997 Juan Maldacena, ɗan ƙasar Ajantina, ya kawo misali na zahiri daga nazariyyar zare: wani tsari na ƙwayoyi masu tsananin mu'amala a duniya mai fuska huɗu, wato tsawo da faɗi da tsayi da lokaci, daidai yake da wani tsari na ƙarfin jan nauyi a duniya mai ƙarin fuska ta biyar. A 1998 Edward Witten, da kuma Gubser da Klebanov da Polyakov, suka rubuta ƙamus ɗin fassara tsakanin harsunan biyu.

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin rijiyar Kusugu a Daura, ya leƙa, ya zura guga, yana da hoton abin a kansa. Bakin rijiya shi ne duniyar da ake son fahimta, wato ilektiron ɗin da suka cuɗanya. Zurfin rijiya shi ne ƙarin fuskar. Abin da ke kusa da baki yana wakiltar abubuwan da ke faruwa a ƙanƙanin wuri da ƙanƙanin lokaci, abin da ke can ƙasa yana wakiltar manyan motsi masu jinkiri. A can ƙasan, maimakon ruwa, ko macijin da tarihin baka ya ce yana hana ɗiba sai ranar Juma'a, akwai baƙin rami, kuma zafinsa shi ne zafin ƙarfen da ake nazari. In aka girgiza wani abu a bakin rijiya, girgizar takan gangara ƙasa, ramin ya haɗiye ta. Rijiyar gaske tana mayar da amo. Wannan ba ta mayarwa. Abin da ya faɗa ya tafi ke nan, kuma wannan tafiya ita ce, a ɗaya harshen, komawar wuta zafi.

Ribar fassarar ita ce wuya da sauƙi suna musayar wuri. Inda mu'amalar ƙwayoyi ta fi tsanani, har lissafin kai tsaye ya gagara, a nan ne lissafin rijiya ya fi sauƙi, domin ya koma ƙa'idojin da Einstein ya rubuta a 1915, waɗanda aka san yadda ake warware su.

Jarrabawar farko ba a ƙarfe ta zo ba. A Brookhaven, a tsibirin Long Island na Amurka, akwai na'urar RHIC mai zagayen kilomita 3.8, wadda tun 2000 ta fara gwara cibiyoyin ƙwayar zarra ta zinariya da juna a gudun da ya kusa na haske. Zafin karon ya kai digiri tiriliyan 4, har furoton da niyutiron su narke su saki ƙwayoyin da ke cikinsu, kwak da gulon, yanayin da sararin samaniya ya kasance a ciki 'yan kason miliyan na sakan bayan farkon faɗaɗarsa. An yi zaton abin zai yi halin iska. A Afrilu 2005 masu binciken suka sanar cewa halin ruwa yake yi, kuma ruwa mai tsinkewar da ba a taɓa gani ba. Tun 2001 kuwa Policastro da Son da Starinets sun lissafa kaurin irin wannan kunu ta hanyar baƙin rami, kuma a 2004 Kovtun da Son da Starinets suka nuna cewa in aka raba kaurin da entirofi, wato ma'aunin yawan hargitsin da ke cikin abu, ana samun adadi guda a misalai masu yawa: ɗaya bisa huɗu sau "pi", kimanin 0.08 a ma'aunin da masana ke amfani da shi. Ruwan da guga ke fitarwa daga Kusugu ya ninka wannan adadi kusan sau 380. Abin da aka auna a Brookhaven, daga baya kuma a CERN ta Geneva tun daga 2010, bai wuce ninki biyu zuwa uku ba. Tsohuwar hanyar lissafi ta ba da adadin da ya zarce haka nesa.

Gyaran bangon rijiya

Wannan nasara ta sa aka juyo kan ƙarafa, kuma nan take aka ci karo da matsalar motar haya. Rijiyoyin farko da aka gina a lissafi bangonsu sumul ne, kowane wuri daidai yake da kowane wuri. A irin wannan duniya ƙarfin tafiya ba shi da inda zai zurare. Sakamakon sai ya zama turjiya sifili ce a kowane zafi, ba don an gano sirrin komai ba, sai don an manta da hanya da taya. Misalin da ba shi da turjiya ba zai bayyana turjiya ba.

Aikin shekaru kusan biyar ya tafi a kan sa wa bangon nan kaushi. A 2012 Gary Horowitz da Jorge Santos da David Tong suka sassaƙa masa tudu da kwari a jere, kamar kunyoyin gona, domin su kwaikwayi jerin ƙwayoyin zarra na ƙarfe. Ya yi aiki, amma sai da kwamfuta ta sha wahala. A 2013 David Vegh ya kawo gajeriyar hanya ta sauya ƙa'idojin jan nauyin kansu. A ƙarshen wannan shekara Tomás Andrade da Benjamin Withers suka fito da misalin da ya fi kowane sauƙi, wanda ɗalibin digiri na biyu zai iya bi da alƙalami a 'yan shafuka. Amsarsu ta zo kashi biyu a haɗe. Kashi ɗaya yana raguwa yayin da kaushin bango ke ƙaruwa, wanda shi ne tsohon labarin Drude. Ɗaya kashin kuwa ba ruwansa da kaushi: komai dattin ƙarfen, wani abu na wuta yana ratsawa, ba ta hanyar ƙarfin tafiya ba, sai ta hanyar bazuwa, kamar yadda shuni ke bazuwa a ruwan da ba ya gudu. Daga irin wannan ne Sean Hartnoll ya kawo shawara a 2015 cewa ƙila turjiyar ƙarafa masu baƙon hali tana bin wata iyaka ce ta saurin bazuwa.

Sai kuma abin da ya kamata kowane injiniyan ruwa a jihar Katsina ya ji. Aristomenis Donos da Jerome Gauntlett sun nuna a 2014 cewa ana iya karanta yadda ƙarfen ke ɗaukar wuta da zafi kai tsaye daga fatar baƙin ramin, ba sai an warware lissafin rijiyar gaba ɗaya ba. A 2015 suka ƙara da cewa lissafin da ake yi a kan wannan fata wani sauƙaƙaƙƙen nau'i ne na ƙa'idojin Navier da Stokes, waɗanda aka rubuta a ƙarni na 19 domin bayyana gudun ruwa. Ma'ana, lissafin da ake auna ruwa a bututu da shi, shi ne ke zaune a ƙasan rijiyar. A 2016 kuwa gwaji ya nuna ilektiron na iya gudana kamar ruwa a zahiri: a Manchester an ga alamar suna kewaya kamar gulbi a cikin girafin, wani shafi na gawayi mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya, a Harvard kuma an ga sun karya dokar Wiedemann da Franz ta 1853, wadda ta ɗaure ɗaukar zafi da ɗaukar wuta a ƙarfe. Cikin waɗanda suka fassara sakamakon Harvard akwai Andrew Lucas da Subir Sachdev, waɗanda tare da Hartnoll suka rubuta littafin wannan fanni da ya fito a 2018.

Abin da masu suka suka yi gaskiya a kai

Adalci ya wajabta a faɗi rauni, kuma raunin ba ƙarami ba ne. Tsarin ƙwayoyin da Maldacena ya fassara ba shi ne na kwak da gulon na gaske ba, ɗan'uwansa ne da aka ƙera don sauƙin lissafi. Babu wanda ya iya ɗaukar tangaram ɗin Bednorz da Müller ya ce ga rijiyarsa. Fassarar kanta an jarraba ta sau dubbai ta tsira, amma ba a tabbatar da ita da hujjar lissafi cikakkiya ba. Adadin 0.08 da aka yi zaton shi ne ƙasan kowane ruwa, tun 2007 aka sami misalan da suka gaza shi, kuma a 2016 aka nuna cewa sa wa bango kaushi ma yana iya karya shi. Akwai misalan da suka fitar da turjiya mai hawa a miƙe, amma haɗa wannan da yadda ƙarafan ke yi a gaban maganaɗisu, a misali guda, ya ci gaba da ba da wahala. Philip Anderson, wanda ya karɓi Nobel a 1977 kuma yana cikin manyan masana ƙarafa na ƙarnin da ya wuce, ya soki dabarar a mujallar Physics Today a 2013, yana ganin ta yi nisa da abin da ake aunawa a ɗakin gwaji.

Masu yaɗa wa a Facebook cewa "kimiyya ta tabbatar duniya hologiram ce" su ma ba abokan wannan ilimi ba ne. Siffar sararin da ake amfani da shi a lissafin ta saɓa wa siffar sararin samaniyar da ake gani, wanda tun 1998 aka gano faɗaɗarsa na ƙara sauri. Rijiyar kayan aiki ce, kamar allon lissafi.

Kuma babu mai hankalin da zai ce baƙin rami zai kawo wuta Mai'adua ko Sandamu. Ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 da ke raba megawat 4,000 zuwa 5,000, matsalarta bashi ce da sata da lalacewar kaya. A Oktoba 2024 yawancin Arewa ta kwana fiye da mako cikin duhu, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna kuma layin da ya rage ya faɗi. Wannan ba matsalar ilektiron ba ce.

To ina amfanin?

Mai tambayar yana tafka kuskure biyu, kuma na farkon kuskuren lokaci ne. Da an tsare Onnes a 1911 an ce ya nuna amfanin sanyaya zaiba, da ba shi da amsa. Yau na'urar MRI, wadda likitan da ke yin tambayar ke tura marasa lafiya Kano ko Abuja don a ɗauke su hoto da ita, maganaɗisunta waya ce mara turjiya da ke jiƙe cikin ruwan hiliyom. A 2014 birnin Essen na Jamus ya binne kebul mai tsawon kilomita ɗaya da aka yi da irin tangaram ɗin 1986, yana kai wuta tsakiyar gari. A Afrilu 2015 jirgin ƙasan Japan mai shawagi a kan maganaɗisu mara turjiya ya yi gudun kilomita 603 a awa. Kebul ɗin Essen an yi shi ne alhali ba a gama fahimtar kayan ba. Wanda ya fahimce su har ya ƙera mai aiki a ɗumin ɗaki, shi zai sayar wa kowa, kuma mai tambaya zai shiga layin masu saye da dala.

Kuskure na biyu ya fi muni, domin na lissafin kuɗi ne, fannin da masu tambayar ke taƙama da shi. Suna jin "fiziks na zamani" sai su hango ramin CERN mai kilomita 27, su ce ba a iyawa. Gaskiya ne ba a iyawa. Amma duk aikin da aka lissafo a sama, daga Maldacena zuwa Donos da Gauntlett, an yi shi ne da allo da alli da kwamfutar cinya. Takardun duka suna nan kyauta a rumbun arXiv, wanda Paul Ginsparg ya buɗe a 1991, kuma wayar hannu a unguwar Kusugu tana iya sauke su. Babu wani fagen binciken da ke sahun gaba a duniya da ya kai wannan arha. Kuɗin ƙofar shiga guda ɗaya ta wata jami'a, irin mai ginshiƙai da tayil, zai riƙe malamai biyar na wannan fanni shekaru. Waɗanda suka gina fannin ma ba duka 'ya'yan ƙasashe masu arziki ba ne. Maldacena ya yi karatu a Cibiyar Balseiro da ke Bariloche. Sachdev a Indiya ya taso. Dam Thanh Son an haife shi a Hanoi a 1969, ana tsakiyar yaƙi, ya ci zinare a gasar lissafi ta duniya a 1984, a lokacin da Biyetnam ke cikin ƙasashe mafi talauci.

Afirka ta Kudu ta gane wannan. Jami'o'in Cape Town da Witwatersrand suna da masu aiki a kan hologirafi, kuma masananta suna cikin gwajin ALICE na CERN. Cibiyar lissafi ta AIMS, wadda Neil Turok ya kafa a 2003 a Muizenberg, ta buɗe rassa a Senegal da Gana da Kamaru da Ruwanda. Shugabannin Afirka sun yi alkawarin ware kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasa don bincike, sun nanata a Khartoum a 2006, Nijeriya kuwa ba ta ko kusanci wannan ba.

Daura tana da dalili na musamman na damuwa da batun. A Disamba 2019 aka aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya a garin, kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina ta, kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairu 2021 ta Daura ya biyo. (A Turance, kalmar da ake kiran sufuri da ita ita ce dai masana fiziks ke kiran tafiyar wuta da zafi a cikin abu da ita. Dacewa ce kawai, amma tana da daɗin ji.) Makaranta irin wannan tana iya zama ɗaya daga abu biyu: wurin da ake koyar da tuƙa injin da wani ya ƙera da karanta littafin gyaransa, ko wurin da ake samun 'yan kaɗan da suka san abin da ya sa injin ke aiki. Arewa ta taɓa bin hanya ta farko. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 ta yaye Abubakar Tafawa Balewa da Ahmadu Bello, amma Turawa sun kafa ta ne don samar da malaman makarantun lardi da ma'aikatan mulki. Ba su zo don su yaye masu tambayar yadda duniya ke aiki ba, kuma ba abin mamaki ba ne daga mai mulkin mallaka. Abin mamaki shi ne jikokin ɗaliban su riƙa kare wannan iyaka da bakinsu, suna kiranta sanin ya kamata.

Alhali ƙasar Katsina ta san wani abu dabam kafin zuwan Turawa. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi ya rubuta littafi a 1732 a kan hanyoyin gina hatimin lissafi, wato murabba'in lambobi da kowane layi nasa ke ba da jimilla ɗaya. Gaskiya ne a zamaninsa wannan ilimi a haɗe yake da ilimin asirai, amma ƙa'idojin da ya tsara lissafi ne tsantsa, kuma masu tarihin lissafi suna ambatonsa har yau. Ya tafi aikin Hajji bai dawo ba. A Alƙahira ya rasu a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar.

Tafiya ba dawowa ita ce haɗarin gaske, kuma an san maganinta. Abdus Salam ya koma Lahore a 1951 bayan karatunsa a Cambridge, ya iske babu ko mutum ɗaya da zai tattauna aikinsa da shi, ya sake fita a 1954. Da ya kafa cibiyar ICTP a Trieste ta Italiya a 1964, sai ya tsara yadda masani daga ƙasa mai tasowa zai riƙa zuwa na 'yan watanni yana komawa jami'arsa ta gida. Tsarin yana nan har yau, kuma 'yan Nijeriya suna cin moriyarsa. Abin da ya rage aikin gida ne, kuma jihar Katsina tana da wuraren yinsa: Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, mai ɗauke da sunan gwamnan da shi kansa malamin kimiyyar sinadarai ne, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da sabuwar ta Daura. Ɗaya daga cikinsu ta ɗauki mutum huɗu ko biyar masu digirin digirgir a fiziks na nazari, ta rage musu nauyin koyar da aji mai ɗalibi ɗari biyar, ta ba su ɗaki mai sola da intanet, da kuɗin tafiya Trieste ko Kigali sau ɗaya a shekara, da gurbin ɗalibai goma na digiri na biyu, sannan ta yi alkawarin ba za ta tambaye su abin da suka ƙera ba sai bayan shekara goma.